Ranar da Mahaifiyata Ta Zo Babu Ƙamshi

Mahaifiyata haɗa turaren wuta take yi a unguwar Mafoni, kuma ko tsummar goge-goge ba ta barin hannunta sai ta sha hayaƙi. Gidan aurena yana bayan layinsu. Da na haifi 'yata ta fari, kullum da safe sai ta zo da kaskonta, ta kifa kabbasa, kwandon nan na turara tufafi, ta jera kayan jaririyar a kai.

Yarinyar ta taso da asma. In abin ya tashi, ƙirjinta ya dinga kuka kamar 'yar kyanwa, ni kuwa in kasa zaune in kasa tsaye. In goya ta, in sauke, in fita tsakar gida, in dawo. Kowa sai ya ce gado ne, ubanta ma haka ya yi fama, kakanta na wajen uba kuma cutar ce ajalinsa. Maganar nan tana ba ni haushi. Don gado ne sai in naɗe hannu in zuba ido?

Wani hutun makaranta muka je Khaddamari wajen ƙanen mijina, manomi, matarsa ba ruwanta da kasko. Sai ga yarinyar da ko zaure ba ta kaiwa sai ta huta tana bin awaki da gudu. Muna dawowa gida tarin ya dawo. Likita ya ce gadon yana nan, ba mai cire shi, amma hayaƙi ne ke tayar da shi.

Faɗa wa mahaifiyata ne aikin. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai na faɗa. Ta ce da turaren nan ta raine mu duka, wa ya mutu? Ta ɗauki kaskonta ta fita, ta daina zuwa. Tarin ya yi sauƙi, amma ni hankalina bai kwanta ba. Ko iska ta taɓa ƙofa sai na leƙa.

Wata safiya na ji sallamarta. Ta shigo hannu babu komai, cikin sabon zanen da bai taɓa ganin kasko ba. Yarinyar ta ruga ta cusa fuska a jikinta kamar yadda ta saba, sannan ta ɗago.

"Kaka, ina ƙamshinki?"

"Na baro shi a gida. Ja numfashi in ji."

Ta ja, ƙirjin shiru. Ni kuwa na wuce kicin kada su ga idona.