Shekarar da Lamba Tara Ya Daina Gaggawa

Ina aji uku a kolej a Tasawa aka sa ni cikin ƙungiyar balo ta makarantarmu, a tsakiyar baya. Ba don na fi kowa iyawa ba, tsawona aka duba. Mu huɗu ne ƴan baya, dukanmu ƴan ƙauye: ni daga Hawandawaki, biyu daga Maijirgi, ɗaya kuma daga wani ɗan ƙauye da sai amalanken jaki ke shigarsa. Kowannenmu a gidan wani yake zaune a gari. Ni gidan abokin babana aka aje ni. Mutanen kirki ne, sai dai bakin ci ya yi yawa, ga damina ba ta yi kyau ba a shekarar. Da safe koko, bayan magariba tuwo, tsakaninsu sai ruwan pampo.

Kafin hutun rabin lokaci, wanda muke ce wa mitan, muna tsare gida daidai gwargwado. Da an dawo sai ƙafafu su yi nauyi cikin rairayin filin. Kana ganin mutum zai wuce ka, ka san inda zai bi, amma jiki ya ƙi tashi.

A gaba kuwa muna da wani Bafulatani siriri, iyayensa makiyaya ne a wajen Issawane, kawunsa mai sayar da shanu ya kawo shi gari karatu. Riga mai lamba tara yake sawa, da ita kowa ke kiransa. Da balo ta taɓa ƙafarsa sai ya nufi raga, ko daga ina ne. Wani lokaci ya ci, sau da yawa kuma ta kuɓuce masa, kafin mu ɗago kai ta dawo kanmu.

Wata Laraba aka ci mu huɗu, shi ya ci biyu. Ana tashi ya zo ya tsaya a kaina.

"Ni in ci biyu, ku ku ba da huɗu? Mi kuke yi a baya, kwana?"

Na buɗe baki zan rama, sai na ga filin yana juyawa. Na zauna a ƙasa. Malaminmu na wasanni, wani dattijo mai sanyin magana da muke ce wa mushe, ya durƙusa kusa da ni.

"Mi ka ci yau?"

"Na ci abinci, mushe."

"Ban ce ba ka ci ba. Mi ka ci?"

Na sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin ƴan Maijirgi ya amsa mini: "Koko ne, mushe, tun safe. Dukanmu haka ne."

Mushe bai yi wa kowa faɗa ba. Ya zaunar da ƴan gaba, ya ce da su duk lokacin da suka yi gaggawa suka zubar da balo, mu huɗun nan ne muke biyan kuɗinta da gudu. Ya ce in balo tana ƙafarmu ba wanda zai ci mu. Lamba tara yana ta zane a ƙasa da yatsa.

Kashegari da la'asar ya zo fili da ƙatuwar ƙwarya a rufe da faifai. Ya aje ta gabanmu, yana kallon wani wuri.

"Inna ta ce ku sha."

Fura ce da nono, matar kawunsa ta dama. Muna sha yana tsaye. Can ya ce, a rugarsu in za a kai shanu rijiya, da tafiyar wadda ta rame ake tafiya, in ba haka ba a bar ta a hanya. "Na san wannan tun ina ƙarami," in ji shi, "ban san mi ya sa na mance ba."

Daga ranar wasanmu ya sake. Mushe ya sa doka, sai an miƙa wa juna balo sau da yawa kafin a buga raga. In ta kuɓuce a gaba, nan take ƴan gaba za su bi ta, ba su tsaya suna riƙe ƙugu ba. Abin ya yi wa lamba tara wuya. Wani lokaci ƙafarsa takan riga hankalinsa, ya buga, sai ya juyo ya ɗaga mana hannu. Ƙwallayen da yake ci suka ragu, ƴan kallo suka fara cewa ya lalace.

Wajen ƙarshen shekara ƴan wani kolej na Mayahi suka zo mana. Aka ce wani mutum daga wata ƙungiya ta Maraɗi zai zo kallo, saboda labarin lamba tara ya kai can. Muka gan shi kuwa, zaune a benci ƙarƙashin itacen bedi. Na ja lamba tara gefe.

"Yau ka yi wasanka. Kada ka dube mu."

Ya yi dariya kawai, ya ɗaure takalminsa.

Muka ci ɗaya kafin mitan, kuma ba shi ya ci ba, shi ya miƙa. Da aka dawo ƴan Mayahi suka taso mana kamar za su cinye mu. Ina jin numfashina a kunnena. Saura kaɗan a tashi, balo ta faɗo wa lamba tara a tsakiyar fili, mutum biyu kawai ne tsakaninsa da mai tsaron raga, irin waɗanda ya saba wucewa. Na gan shi ya waiwayo. Ni kuwa ina duƙe, hannuwana a gwiwa. Sai ya juya da ita gefen fili, ya ba su baya, ya kare ta da jikinsa suna ta dukan ƙafafunsa. Ya miƙa, aka mayar masa, ya sake riƙewa. Ƴan kallo suna ihu, "Buga! Kai, buga mana!" Bai buga ba. Ban san minti nawa ya yi haka ba, amma na samu na miƙe, idona ya washe. Da suka kawo harin ƙarshe, da kaina na fitar da ita.

Ranar ce ta farko da aka tashi ba a ci mu ba. Mutumin Maraɗi ya gaisa da mushe, ya ce zai aiko. Bai aiko ba.

Na daɗe ina jin nauyin abin. Da na ce wa lamba tara saboda mu ya rasa zuwa Maraɗi, sai ya ce in daina maganar banza, da ma Maraɗi ta yi masa nisa da innarsa. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Shekara ta gaba babansa ya kwanta ciwo, ya bar karatu ya koma ga dabbobi.

Ni na zama malamin lakwal, ina koyar da ƴan firamare. Bara na je sunan ɗansa a Issawane, na tarar yana ɗingishi, wani bijimi ya taka shi. Ya riƙe hannuna ya zagaya da ni cikin danginsa, yana ba su labarin wasan. Ya ce biyu muka ci ƴan Mayahi. Suka dube ni, na ce haka aka yi.