Yaya Habu Barewa Ne Ya Rasu, Ba "Wani Can" Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita gona Rabi ta kira ni, ta ce, "Baba Sabo, Baba ya cika."

Mahaifinta, Habu Tanko, wanda muke ce wa Barewa. Yayana a fagen gudu, malamina, abokina.

Na zauna a bakin rijiya. Da na ɗan dawo hayyacina na buɗe waya don in sanar, sai na tarar an riga ni. Ko'ina ta'aziyya ce, ko'ina kuka. Amma hoton da aka liƙa ba nasa ba ne. Hoton Alhaji Habu Tanko ne, mai tireloli da rumbunan hatsi, da babbar rigarsa da tabarau.

Sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, garinsu ɗaya. Mutane suka ji an ce Habu Tanko ya rasu, ba wanda ya tsaya tambaya.

Kafin hantsi ɗan Alhaji ya rubuta cewa mahaifinsa na Kano lafiya ƙalau yana karyawa. To, alhamdu lillahi, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ku je ku karanta abin da aka rubuta a ƙasa. "Hankalinmu ya kwanta." "Ashe ba shi ba ne, wani ne can." Har da masu sa alamar dariya. Waɗanda suka rubuta dogayen addu'o'i suka bi suka goge, kamar addu'ar za ta ƙare in ta faɗa kan talaka. An ce min motocin da suka taso daga Kano a Kwanar Dangora suka juya.

Wani ne can.

Bari in gaya muku waye wanin.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, ba laifinku ba ne. A shekarun tamanin, daga Bebeji har Doguwa, in aka ce Habu Tanko ba wanda zai tuna da mota. Ɗan tsere ake nufi, mai dogon zango. Ya yi wa jiha gudu, ya ciwo lambobin yabo, mun ji sunansa a rediyo muna tsaye a teburin mai shayi, mutane na rungumar juna. A lokacin Alhaji yana awon masara a kasuwar Kiru da kwanonsa. Ba gori nake ba, neman halal ne, amma haka abin yake.

Ni ina saurayi na fara bin sa. Ƙafa ba takalmi nake gudu. Wata safiya ya dubi tafin ƙafata da ƙaya ta tsattsaga, ya cire kambas ɗinsa ya miƙo min. Ya yi min yawa. Ya ce, "Cusa tsumma a gaba, ƙafarka za ta girma ta same shi."

Shi ya ƙarasa atisayen ranar ƙafa tsirara.

Kan tudun Doguwa yake kai mu, a keke, ni a baya, shi yana tuƙi yana waƙa. In mun sauko Fulanin rugar wajen su tare shi da nono, ba ya sha sai mun sha.

Akwai wata gasa da aka yi ta wajen Tudun Wada, rana kamar ta fasa kai. Yana gaba, ya ba kowa rata. Ni ina can baya na yanke jiki na faɗi. Aka yi masa ihu cewa yaronsa ya faɗi. Mutumin nan ya juyo. Ya bar kofi ya dawo da baya, ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni inuwa yana yi min fifita da rigarsa. Da na farfaɗo na gane abin da na jawo masa, sai na fashe da kuka. Ya ce, "Kofi kwano ne, Sabo. Me zan je in gaya wa innarka?"

Wannan ne wanin can.

Kuma ba yau aka fara yi masa haka ba. Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai.

A shekarun casa'in manyan garinmu suka yanke shawarar a share fili a yi wa matasa wajen wasa, a sa masa sunan Habu Tanko. Ina wajen aka yi maganar, don lokacin ina koyarwa a firamare, ni nake riƙe da wasanni. Kowa ya san wane Habun ake nufi. Shi ya riƙe gatari tare da mu muka sassare kututture, shi ya auna da'irar gudu da igiya.

Zuwa lokacin Alhaji ya yi kuɗi. Ana gobe buɗe fili ya aiko da rumfuna da kujeru da lemo.

Ranar buɗewa Yaya Habu ya wanke tsohuwar rigarsa ta jiha, ya goge ta da dutsen guga na gawayi, ya rataya lambobinsa. Matarsa, Yaya Asabe, ta yi wa yara kwalliya. Muka zo bakin rumfa, wani ɗan gadi da aka kawo daga birni ya sa mana sanda. Na ce masa, "Malam, wannan shi ne Habu Tanko." Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Habu Tanko yana ciki a zaune."

Muna tsaye bayan igiya mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya yi ta zuba wa Alhaji kirari. Aka kira suna, Alhaji ya miƙe, ya gyara riga, ya yanke ƙyalle, aka tafa.

Alhaji ya gan mu. Ido da ido suka haɗa da Yaya Habu. Allo ɗaya suka yi a zauren Malam Na'iya suna yara. Kalma ɗaya ta ishe shi ya ce, "Jama'a, ga mai filin can." Ya kawar da kai.

Manyan da suka yanke shawarar suna zaune a layin gaba da lemo a hannu. Ko ɗaya bai yi tari ba.

Na yunƙura zan tsallake igiya in ƙwace lasifikar. Yaya Habu ya damƙe min hannu, har yau ina jin damƙar. Ya ce, "Bari, Sabo. Yara dai sun samu wajen gudu." Ya cire lambobin ya zuba a aljihu, ya ɗauki Rabi, muka tafi. A hanya Yaya Asabe ce kawai ke share hawaye da bakin mayafi.

Damina ba ta zagayo ba aka ƙara "Alhaji" a jikin allon sunan filin da sabon fenti. Bayan wasu shekaru tireloli suka fara kwana a filin. Ku je yau ku gani, baƙin mai ne da tayoyi. Yaran da aka yi dominsu, a gefen titi Yaya Habu ya ci gaba da koya musu, yana kore su daga gaban motoci.

Ban ce Alhaji bai yi alheri ba. Ya haƙa rijiyoyi, ya rufa wa mutane asiri, Allah ya ba shi lada. Amma wannan filin ba nasa ba ne, ya sani, mun sani.

Ganina da shi na ƙarshe bayan girbin nan ne. Yana zaune a ƙofar gida yana ɓarar masara, gwiwoyinsa sun kumbura, sai da sanda yake tashi. Na sake tayar da maganar filin, na ce ya bari in rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Kai har yanzu ba ka huce ba? Ni abin da nake so, ka samo min yaro ko yarinya mai son gudu ka kawo min. Daga nan zaune ma zan iya gyara masa numfashi."

Da zan tafi ya cika min leda da masara, ya ce in kai wa jikoki su gasa.

Yanzu zan tashi in tafi wajen wankan gawa. Za a yi sallar jana'iza bayan azahar a ƙofar gidan Yaya Habu, bayan tsohuwar firamare. Ba rumfa, ba kujera. Wanda ya taɓa gudu a bayansa, ko ya taɓa tafa masa, ya zo ya ɗauki makara.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Habu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya haƙurin da ya yi a mizaninsa. Ka ba Yaya Asabe da Rabi da ƙannenta juriya. Ka ba Alhaji tsawon ran da zai taka ƙafarsa ya zo gidan nan ya nemi gafarar marayu.

Ku kuma da kuka goge addu'arku da safe, don Allah ku dawo da ita. Akwai mamaci, yana kwance yana jira.