Tantabarun Kakana

Ba na iya jin tsaba tana ƙara a cikin kwanon ƙarfe ban ɗaga kai na dubi sama ba. Ko daka nake yi, ko yaron nan yana kan nono, sai na duba. Kwanon yana wurina yanzu, a nan Kelle inda nake aure. Na kakana ne, wanda ya haifi babana. Da shi ya dawo daga yaƙin Nasara, da wata jar hula, da ƙafar hagu wadda sanyin can ya gutsure wa yatsu. Da damanar nan ya rasu, hatsi yana fitar da kai. Allah ya jiƙansa.

A gidansa na tashi, a Gure, a shekarun da suka biyo bayan fara ta cinye gonaki, lokacin da mata ke auna hatsi da tafin hannu. Ranar da kumandan ya tara tsofaffin soja a bariki, yakan sa jar hular ya tafi yana ɗingishi, ya dawo ya rataye ta. Amma mu yara ba da soja muka san shi ba. Da tantabara muka san shi.

Duk tukunyar da ta tsage a unguwa, duk tulun da bakinsa ya fashe, wurinsa ake kawowa. Sai ya kwaɓa laka ya manna su a jikin katanga bayan ɗakinsa, kowace tukunya da miji da mata. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa. Ko ɗan shila mutum ya roƙa don maras lafiya, gara ya ba shi kaza. Yakan jefa musu 'yar kanwa a ruwan sha, ya share kashinsu ya kai gindin lalle. Har yau in na ji warin nan, na laka da gashin tsuntsu, sai in ga bayansa a sunkuye.

Da la'asar sakaliya yake zama a kan turmin da ya kife, ya zuba tsaba a kwanon, ya yi ta kaɗawa. Sai ka gan su suna tasowa ta bayan tudun rairayi, ta kan goruba, fiffike yana tafi. Ba lissafi yake yi ba, fuska ya sani: ga mai koren wuya, ga gurguwa, ga mai faɗa. Kuma ba ya sa tuwo a baki sai ta ƙarshe ta shiga tukunyarta.

Wata rana da bazara wata farar tantabara ba ta dawo ba. Aka yi magariba yana zaune. Kakata ta kawo tuwo ta ajiye, ta koma, ta sake fitowa.

“Malam, tuwo ya huce. Shaho ma fa da iyalinsa.”

“Ki rufe mini.”

“Tsuntsu ne, ba ɗanka ba.”

Na je na zauna kusa da ƙafarsa, mai guntayen yatsun. Ya dube ni ya ce, “Uwargida, tashi ki ci, kada ki rame a ce ban iya riƙon mace ba.” Na ce ni na fasa auren, wa zai zauna da tsohon da tsuntsu ya fi matarsa? Ya yi 'yar dariya. Sannan, ban tambaye shi ba, ya ce a can wurin yaƙi aikinsa ɗaukar kwandon tantabaru ne a baya. In babban soja yana son aika magana, sai a ɗaura wa ɗaya takarda a ƙafa a sake ta.

“Muna cikin rami, taɓo har gwiwa, ina kallonta tana keta hayaƙi za ta gida. Ita ta san hanya. Ni ko an sake ni, ban san ina ne gabas ba.”

Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa game da yaƙi ke nan. Sai da na girma kakata ta faɗa mini cewa cikin samarin da aka ɗiba tare da shi, shi kaɗai ya dawo, kuma iyayensu mata sun daɗe suna zuwa ƙofar gida suna tambayarsa inda ya baro 'ya'yansu. Farar nan ba ta dawo ba. Tuwon ya kwana a rufe.

Akwai abin da yake yi dabam da kowa. Ka san in an kawo sabuwar tantabara, fige mata fiffike ake yi don kada ta koma inda ta fito. Shi ba ya figewa. Yakan rufe bakin tukunyar da faifai, ya yi ta ba su ci da sha har su yi ƙwai, sannan ya buɗe. Ya ce gashi yana sake tsirowa, kuma ran da ya tsiro tsuntsu zai tafi. Ƙwai ne ke zaunar da shi. Ya ce, “Babanki yana goye aka tafi da ni.” A lokacin ban ga abin da ya haɗa maganar biyu ba.

Bayan sadakar arba'in ɗinsa baffannina suka raba tantabarun, wasu aka kai Gidigir, wasu aka yanka wa baƙi. Ni aka ba ni miji da mata, da kwanon, don babu mai so. Da na iso da su, uwar mijina ta ce, “'Yar nan, ki fige su, in ba haka ba gobe suna Gure.” Na ce to, amma hannuna ya ƙi. Na manna tukunya, na rufe da faifai, na jira har na ga ƙwai.

Ran da na buɗe, suka tashi tare, suka kewaya gidan, suka miƙe kudu, wajen Gure. Na wuni da yaro a baya ina duban sama, har miya ta kama. Da la'asar na kaɗa kwanon har hannuna ya gaji. Gab da magariba macen ta sauko, ta sha ruwa, ta shige kan ƙwanta. Namijin bai zo ba.

Ƙanena ya zo ranar kasuwa, ya ce namijin yana can Gure. An farfasa tukwanen, baffana ya ɗaure jaki a wurin, amma kullum da yamma sai a ga tsuntsu ɗaya a kan katanga yana kallon inda turmin yake dā.

Yanzu mota tana wucewa ta kan hanyar da muka sani da raƙuma, kuma na ji har yau ana ɗibar samari zuwa yaƙi. Nakan dubi tafin ƙafar yaron nan in ƙirga yatsunsa, alhali ko tafiya bai fara ba. An ce na cika fargaba. Wataƙila. Macen tana nan ita kaɗai a kan ƙwai, babu mai karɓarta ta fita kiwo, sai na kai mata har bakin tukunya. Jiya ma na zauna ina kaɗa kwanon har aka kira salla. Uwar mijina ta ajiye mini tuwo, ta tsaya a kaina.

“'Yar nan, mai shayarwa ba ta zama da yunwa.”

Na ce, “Ki rufe mini, Inna.”