Ashe Ana Fitowa

A cikin dukan abubuwan da suka same ni tun da na ajiye aikin jirgin ƙasa, akwai guda ɗaya wanda ba zai gushe daga zuciyata ba har a sa ni a kushewa.

A shekarar da likitoci suka ce sai an yi wa uwargidana aiki a zuciya, ɗanmu na fari, wanda ke zaune a Alƙahira, ya shirya komai a can. Shawara ta tsaya cewa ƙanwarta za ta raka ta, ni kuwa in tsare gidanmu na Kurmin Mashi. Wata rana da hantsi ya bugo waya, na buɗe murya don ta ji. Garin kwantar mata da hankali sai ya ce, "Baba, a gaya wa Hajiya asibitin ba nisa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai mu har ƙofa."

Dama ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa musu. Washegari na iske ta kwance akwatinta, tana mayar da zannuwa cikin sif.

"Malam, a ce wa yaron nan na fasa."

Ni da na ƙare ƙuruciyata tsakanin dogo da tasha, sai na ɗauka wannan magana a fagena ta faɗo. Na zaunar da ita, na bayyana mata yadda ake haƙa hanya a ƙarƙashin birni, a daɓe ta da kankare, a haskaka ta da lantarki, layuka su rarrabu kamar saiwar itace, talikai su yi ta shiga suna fita kullum. Ta saurare ni da ladabi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Akwati dai ya zauna wayam, ranar tafiya tana matsowa, numfashinta yana ƙara gajarta.

Sai wani yammaci bayan la'asar, muna zaune a tabarma, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Malam, mutumin da za a buɗe wa ƙirji, shi ne kuma za a fara saukarwa cikin ƙasa tun bai kai asibiti ba? In na shiga, wa ya ce zan fito?"

Na gane ba jirgi take tsoro ba. Kalmar nan ta ƙarƙashin ƙasa ce ta ambata mata abin da ta daɗe tana ɓoyewa, kunya kuma ta hana ta faɗa wa ɗan da ya furta ta.

Na ce, "Hajiya, ki ɗaure kayanki, ki haɗa da nawa. In shiga ƙasa ne, tare za mu shiga."

Ta ce, "Gidan fa?"

"Gida ba ya ciwon zuciya."

Da muka isa Alƙahira, a mota aka kai ta asibiti, don na ja kunnen yaron. Allah cikin ikonsa ya sa aka yi aiki lafiya. Da ta sami ƙarfi, ita da kanta ta ce a kai ta ta ga jirgin nan. Muka sauka, tana riƙe da hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba. Da muka hauro a wata tasha, rana ta haske mata fuska, ta tsaya ta numfasa, ta ce, "Ashe ana fitowa."

Tun daga ranar na fahimci cewa mai tsoro ba bayani yake nema ba. Sanin dogo da na yi alfahari da shi bai ɗaure akwatin nan ba. Abin da ya ɗaure shi kalma ɗaya ce: tare.