Leda Shida Daga Yanbu

Shekara talatin da ɗoriya ina sayar wa mutane tsaraba a Makka, amma ni ban taɓa sayo wa kowa ba. A nan aka haife ni. Kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna, mu kuma muka tashi muka tarar duniya ce ke zuwa garinmu. Madina a wajenmu ziyara ce, ba tafiya ba, Jidda kuwa a je da safe a dawo da yamma.

A shagona na unguwar Hindawiyya na ga alhazai iri-iri. Wani ya zo da takarda duk ta tsufa a aljihu, sunaye har baya. Wata hajiya ta kwance bakin zane ta fito da zare mai ƙulli huɗu, kowane ƙulli tsawon jallabiyar jika ɗaya. Na sha yi musu tsiya, ina cewa ibada kuka zo ko aike. Duk da haka al'adata ce in ƙulle wa kowa kayansa daban, in rubuta sunan mai shi a jikin ledar, kada a je gida a rikice.

Shekara biyu bayan rasuwar matata, ɗana da ke aiki a Riyad ya ga zaman ya yi min yawa, ya sama mana tafiyar shaƙatawa ta kwana huɗu a jirgin ruwa daga Jidda. Ana jibi tafiya ya bugo ya ce ba a ba shi hutu ba. Na yi faɗa, na ce na fasa, sannan na haɗa jaka na tafi. Kwana biyu ina cikin jirgi mai hawa-hawa, kowa da iyalinsa, ni kaɗai a teburin mutum huɗu. Ran na uku da safe muka tsaya a garin Yanbu.

An jera mu bayan wani mai jagora da ƴar tutarsa. Ni da na tsufa ina kallon alhazai na bin tuta, ban ga abin da zai sa in bi ta ba. Da motar da ta kwaso mu daga tashar jirgi ta sauke mu a tsohon gari na zame.

Gaskiya garin ya yi min daɗi. Gidajen dutse ne masu tagogin katako, wasu an gyara, wasu sun karkace. Kyanwoyi kwance a inuwa, ko ɗaga kai ba sa yi. Na zauna bakin ruwa ina kallon wani masunci yana ɗinke komarsa, ya ɗaure bakin igiyar a babban yatsan ƙafa. Na sha shayi da na'a-na'a kofi biyu. Na yi azahar a wani ƙaramin masallaci, sahu biyu kacal, ba wanda ya ture ni ko ya taka min ƙafa. Daga nan na ci soyayyen kifi da jar shinkafa. Farantin na mutum biyu ne, na ci gefena na bar ɗaya gefen.

Bayan la'asar kasuwa ta buɗe, na ga abokan tafiya suna ta saye. A nan abin ya faɗo min: yau ni ne matafiyi, kuma matafiyi ba ya komawa gida hannu biyu. Na ji wani ɗoki irin na yara. Na buga wa ɗana na tambaye shi me zan taho wa jikokina da shi. Da Larabci ya amsa, yana sauri, ana magana a gefensa.

"Baba, kada ka ɗora wa kanka kaya. Komai akwai shi a nan. Kai dai ka huta."

Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Amma na daɗe tsaye da wayar a hannu ina neman mutum ɗaya da zan kai wa wani abu. Maƙwabtanmu na unguwar Nakkasa sun watse tun da aka rushe layinmu. Aminina tela, mutumin Maraɗi da muka yi shekara ashirin muna shan shayi tare, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, an mayar da shi gida, lambarsa ta daina shiga. A benen da na koma, gaisuwar matakala ce kawai ke haɗa ni da mutane.

Ƙamshin busasshen kifi ne ya ja ni rumfar wani dattijo sa'ana. Yana da busasshen lalo, da lalle, da dabino, da man shanu. Ya dube ni ya yi min tambayar da na yi wa mutane sau dubu:

"Ya hajji, wa da wa za a saya wa?"

Kunya ta hana ni cewa ba kowa. Sai na ji bakina yana lissafi. Lalle da lalo na uwargida, don ba ta haɗa miyar lalo da komai. Kifi na tela. Dabino na limamin layinmu, man shanu na tsohuwar da ke mana waina, sai maƙwabta biyu. Ina faɗa ina ba shi labarin halin kowa, yana dariya. Ya ƙulle leda shida, ya ɗauko alƙalami ya rubuta sunan kowa yadda na faɗa masa. Ya ƙara lalle cokali biyu, ya ce a gaida uwargida. Na ce za ta ji. Rabon da in yi hira mai daɗi haka har na manta.

A ƙofar jirgi ake duba kaya. Mai dubawar ya shinshina ledojin ya ce ba a shiga da irin wannan abincin, sai dai in bar su a nan. Ban san inda fushin ya fito ba. Na ɗaga murya, layi ya tsaya, na ce kayan mutane ne, ga sunayensu, suna can suna jira, ni da wane ido zan dube su? Aka kira shugabarsu, wata mace mai hankali. Ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni.

"Kwantar da hankalinka, baffa. Za mu ajiye maka a ɗakin sanyi, in mun isa Jidda ka karɓa. Ba za mu hana su tsarabarsu ba."

Na yi godiya na hau sama. Ina kallon garin yana ja da baya, sai na gane ashe so nake su hana. Da sun ƙwace, da na samu wanda zan ɗora wa laifi, in riƙa cewa ai na sayo, ƴan jirgi ne suka zubar. Yanzu kuwa na yi faɗa na ci nasara, dole in kai kaya gida. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ko ranar da ƴan zaman makoki suka watse.

A Jidda aka miƙo min su shida cif. Na zo na jera su a kan firij. Kifin tela na fara ci, don kada ya lalace, sai dabinon liman, sai na maƙwabta. Man tsohuwa ya kai ni har azumi. Ledar matata ce ban iya kwancewa ba, ni ban iya miyar lalo ba.