Munduwar Yaya da Hoton Bayanta

Mun tashi daga bakin ruwan Yelwa da sanyin asuba, ni da ɗan yayata, a cikin jirgin katako mai inji da yake tuƙawa tsakanin Yelwa da Wara. Wannan karon ba son ganin ƙasa ne ya fitar da ni ba. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba daban, ta kai ba ta miƙewa sai ta dafa bango, ƙafarta ta hagu kuma ta soma mutuwa tun daga cinya har yatsu. Likitan da ya duba ta a Yelwa ya ɗauki hoton ƙashi bai ga karaya ba. Ya ce yana zaton guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayanta ne ya lalace har yana danne jijiya, in kuwa aka bari ƙafar tana iya mutuwa gaba ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan, sai wata sabuwar na'ura mai aiki da maganaɗisu, wadda take ganin nama da jijiya. Jiharmu jaririya ce, ba ta da ita. Sakkwato da aka yanke mu daga jikinta ma ba ta da ita. Sai Abuja.

Innarmu Bakambara ce. Yaya ta zauna a tudu wajen dangin ubanta, ni kuma ubana ya tafi da ni Yelwa, daga nan fatauci ya yi ta jana ƙasa ƙasa. Hausar Yaya ta cinikin kasuwa ce, Turancin ɗanta bai wuce na gyaran inji ba, don haka aikin tafinta ya faɗo kaina.

Jirgin cike yake. Akwai mutanen Shanga da buhunan albasa, da mata masu kwandunan warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa a rana, suna ta ƙorafin kuɗin jirgi ya tashi tun da man fetur ya yi tsada. Ɗan yayata kuwa idonsa yana kan ruwa. Tafkin Kainji ya yi ƙasa a wannan lokaci, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin da aka gina madatsa sun fara leƙowa. Waɗanda suka leƙo ba su ne abin tsoro ba, sai waɗanda ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Na taɓa ratsa tafkin Bolta a ƙasar Gana, can ma haka itatuwa suke tsaye a ruwa, sai dai matuƙansu suna surutu, namu kuwa shiru suke yi. Wani dattijo Bagunge da ke kusa da ni ya nuna wani wuri da ba komai sai ruwa, ya ce nan ne tsibirinsu, nan aka binne ubansa. Ba wanda ya juya ya duba sai ni.

A Wara muka ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, mai arha ƙwarai in aka gwada da Yelwa, sannan muka ɗauki shatar mota zuwa ƙauyensu Yaya a ƙasar Ngaski. A hanya muka riƙa wuce mata ɗauke da itace da ƙwaryar dawa a kafaɗa, don matan wajen ba sa ɗora kaya a ka. Na ga masu ɗauka a ka, na ga masu goyawa a baya da igiya a goshi a kudancin Kamaru, kowace ƙasa da gaɓar da take cinyewa. Kafaɗar Yaya ta yi kanta kamar wuyan san noma. Muka same ta kwance a tabarma. Ta dube ni ta ce na yi ƙiba, alamar ba na aikin komai.

Washegari muka shimfiɗa mata katifa a kujerar bayan motar muka kama hanyar Kwantagora. Kwaltar ta mutu a wurare da yawa, duk ramin da motar ta faɗa sai in ga Yaya ta runtse ido, amma ba ta yi ƙara ba. Mu huɗu addini uku ne: ni da direba muna tsayawa salla, ɗanta yana zuwa coci, ita kuma tana kan abin da ta tarar iyayenta suna yi. Ta ce hakan ya yi, duk ƙofar da ke buɗe wani a cikinmu ya ƙwanƙwasa ta. A Tegina muka sayi soyayyar doya da yaji. Bayan Minna ta hango matan Gwari ta taga da kaya a kafaɗa, ta ce a ɗaga ta ta gani da kyau. Ta kalle su har suka ɓace, ta ce ashe a nan ma akwai masu hankali.

Abuja gari ne mai faɗin titi da tsadar masauki. Mun sauka wajen wani ɗan garinmu a bayan gari, da safe muka nufi asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu a ƙofar ɗakin na'urar ta ce duk wani ƙarfe a cire shi, domin maganaɗisun yana iya fizge shi da ƙarfi ko ya ƙona fata, hoton ma ya lalace. Na fassara. Yaya ta cire 'yan kunne ba musu. Da aka zo sauya mata zane sai ma'aikaciyar ta tsaya tana kallon idon sawunta na dama. Akwai munduwa ta baƙin ƙarfe, kaurin ɗan yatsa, bakinta biyu an dake su sun hau juna. Na saba ganinta a ƙafar Yaya har idona ya daina lura da ita.

Ga asalinta. 'Ya'yan Yaya na farko ba su zauna ba, duk wanda ta haifa sai ya koma kafin yaye. Da ta sami cikin wannan ɗan, mijinta, wanda maƙeri ne kuma ya rasu tuni, ya ƙera munduwar ya rufe ta a ƙafarta, aka ce muddin tana rufe yaron yana ɗaure a duniya. Yaron ya zauna. Shi ne wannan ƙaton mai furfura a gemu da ke tsaye riƙe da zanenta.

Ma'aikaciyar ta ce suna da abin yanke zobe. Ban gama fassarawa ba Yaya ta janye ƙafarta ƙarƙashin kujera. Ɗanta ya durƙusa yana lallashinta, ya ce ransa a hannun Allah yake ba a ƙarfe ba, ni ma na faɗi irin wannan ta fuskar nawa addinin. Ta saurare mu duka, sannan ta ce da ni:

"Ɗan Inna, kai ba ka wurin lokacin da nake binne su. A mai da ni gida. Ƙafa ɗaya ta ishe ni."

Muka fito muka zauna a inuwa, layinmu ya wuce. Na yi ciniki da Larabci a Kartum, na yi rigima da 'yan kwastan da Faransanci, amma ranar nan da harshen uwata na kasa shawo kan Yaya. Can da la'asar ita da kanta ta kawo mafita. Ba za a yanke ba, sai dai a buɗe, kuma maƙeri ne zai buɗe. Ƙarfen ba zai taɓa ƙasa ba. Ɗanta zai riƙe shi a hannu, ba zai hau mota ba sai tare da ita, ba zai tsallaka titi shi kaɗai ba, har ranar da za a mayar.

Mun sami maƙeri Bagwari a wata kasuwa a bayan gari. Bai tambayi dalili ba. Ya naɗe ƙafar da tsumma, ya sa awartaki biyu ya yi ta buɗawa kaɗan kaɗan har ta zame. Fatar wurin fara ce, santsi kamar ta jariri. Yaya ba ta kalli ƙafar ba, ɗanta take kallo.

Kashegari aka shigar da ita. Na'urar kamar ƙatuwar ganga ce a kwance mai rami a tsakiya, ana tura mutum ciki a kan gado. Aka toshe mata kunne, aka ce kada ta motsa. Ni ma sai da na ajiye agogo da makullai kafin a bar ni in tsaya kusa da ƙafafunta don in yi mata magana in ta tsorata. Ƙarar kamar ana daka a turmin ƙarfe. Ba ta motsa ba. Sau ɗaya ta yi magana da ƙarar ta lafa, ta ce in leƙa ko ɗanta yana nan. Yana nan a benci, munduwa a tafin hannunsa.

Likitan, wani Bayarabe mai sanyin murya, ya jera hotunan a jikin fitila ya nuna mana. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai abu kamar matashi. Na sama sun fito da haske, ya ce saboda suna riƙe da ruwa. Na ƙasa, wajen ƙugu, sun yi baƙi sun lotse, ruwansu ya ƙafe, ɗaya kuma ya bullutso ta baya ya matse jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Ya ce ba zai yi gaggawar yanka mai shekarunta ba. Ya rubuta magani, ya nuna motsa jikin da za ta riƙa yi, ya hana ɗaukar kaya. Amma bayan kaka lallai a dawo a sake hoto, don shi ne zai nuna ko matsewar tana ƙaruwa, kuma a kansa za a yanke shawarar aiki kafin ƙafar ta wuce gyara. Ya ce munduwar a bar ta a buɗe. Na fassara duka, ban rage ba. Yaya ta tambaya ko wannan baƙin abin zai koma fari. Ya ce a'a.

Komowa ta fi sauƙi, maganin ya sa ta barci har Kwantagora. Mun iso Wara ranar kasuwa, hadarin farkon damina yana haɗuwa a kan tafki, iska tana kaɗa jiragen da ke ɗaure. Yaran jirgin suka tarye mu da murna, fasinjan Yelwa sun taru, washegari da sassafe za a tashi. Yaya ta dubi ruwan, ta ce a kai ta maƙera.

Na ce mata ta tuna maganar likita. Na ce a matse ta kaɗan yadda za ta zauna a ƙafa amma ta buɗu in lokaci ya yi. Maƙerin Wara ya san mijinta, ya riƙe guduma yana jiran mu gama. Ya tambaye ta da Kambarci, ya bar ƙofa ko ya rufe.

"Rufe kamar yadda ka same ta a da," in ji ta. Sannan ta juyo wajena. "Na buɗe sau ɗaya, kwana nawa ban yi barcin kirki ba sai da magani. Gobe ɗana zai hau wancan ruwan. Ba na sake buɗewa."

Ɗanta ya juya baya yana kallon tafki. Maƙerin ya ɗora ƙafarta kusa da uwar maƙera, ya daka bakin ƙarfen har suka hau juna.

Na kwana a Wara, da safe na bi jirgin zuwa Yelwa. Ruwa ya tashi sosai wajen kututturan, mata suna salati, ɗan yayata ya ratsa da mu lafiya. Hotunan suna wajena a cikin babban ambulan, maganin kuma ina aika mata duk ranar kasuwa. An ce tana zagaya gida da sanda, jikokinta suna ɗaukar mata itace.

Na daɗe ina yawo, kuma kullum ina ɗauka in mutum ya ga ciwonsa da idonsa zai bi abin da aka ce ya yi. Yaya ta gani, ta gane sarai, ta kuma san abin da ta bayar. Bayan kaka zan je in sake tambayarta, don hakkina ne in tambaya. Na riga na san amsar.