Inna Kaltuma da Ruwan Kanwa

Duk wanda ya kwana a Briqueterie ya tashi bai karya da ɗanwaken Inna Kaltuma ba, ni dai ban ɗauke shi ɗan unguwa ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana bakin layinmu, tun da ta zo daga Garwa da tukunya guda da bakin da ba ya gajiya. Shagon ɗinkina yana kallon rumfarta, don haka komai a kan idona aka yi.

Bara hawan jini ya kama ta. Likita ya ba ta magani, ya ce ta rage gishiri. Ita kuwa ba ta iya abu rabi-rabi ba, sai ta daina ɗungurungum. Wata uku tana shan miya lami tana harara, amma awon jininta ya ƙi sauka. Sai babban ɗanta Saifuddeen ya yanke hukunci: in wata mai zuwa ba a ga sauƙi ba, zai kwashe tukwanen, ta koma gidansa da ke unguwar Ekoudou ta zauna. Ranar Inna ta yini ba ta tsokani kowa ba. Wallahi ta ba ni tausayi, don raba ta da rumfar nan daidai yake da binne ta da rai.

Jikarta Salwa, mai karatun kimiyya a lycée, wato sakandare, ita ta gano bakin zaren. Kullum da safe Inna takan jiƙa kanwa a kofi ta shanye, wai wankin ciki, yadda ta gada wurin uwarta. Da ta bar gishiri ma sai ta ninka, don bakinta ya ji ɗanɗano.

"Kaka, wannan fa?" in ji Salwa wata safiya, tana nuna kofin.

"Ke tafi can! Kanwa ai magani ce. Docteur gishiri ya hana."

Salwa ta aro ƙaramin sikelin Haman mai kayan yaji ta auna kanwar: giram goma sha biyu. Ta karɓi allin ɗinkina ta hau rubutu a kan benci.

"Abin da ke tayar da tension, wato hawan jini, sunansa sodium, Kaka. A gishiri vingt-trois ne cikin cinquante-huit et demi, wato ashirin da uku cikin hamsin da takwas da rabi, kusan kashi arba'in cikin ɗari. A sinadarin kanwa kuwa quarante-six ne cikin cent six, arba'in da shida cikin ɗari da shida, ya ma fi. To cire ƙasa da ruwan da ke cikinta, mu ce ɗaya bisa uku na kanwar nan sodium ne. Giram huɗu kike kwankwaɗa kafin ki hura wuta, alhali biyu aka yarje miki a yini."

Inna ta dubi benci, ta dubi kofi, ta tafa hannu.

"Ashe gudu na yi ban tsira ba! Ja'ira, da kin bari sai an kwashe ni?"

Ta bar ruwan kanwa, da mita dai, amma ta bari. Bencin kuwa ta hana kowa zama a kai, kar a goge mata lissafi.

Ranar da wata ya cika, Saifuddeen ya iso da motar ɗaukar kaya. Inna ba ta ko miƙe ba. Ta zaro katin asibiti daga bakin zaninta ta miƙa masa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ga awo ya sauka, sai ga hawaye yana dariya.

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Sallami mai motar nan," in ji ta, tana tsame ɗanwake. "In kuma ci ka zo yi, ga layi can, bi bayan Haman."